Aljanun Tafkin Tsakar Gidana

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aljanu suka tare a tsakar gidana ba. Ko na so in manta ma, mutanen layinmu a Dar Salam ba za su bar ni ba, don har yau idan na wuce gaban shagon kwana akwai masu yin wani ɗan tari na musamman saboda ni.

Ni mai walda ne. A Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, nake aiki, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Kullum in tsallaka gada da safe, in dawo Omdurman da yamma kunnuwana na ƙara. Kakanninmu hajji suka fito a ƙafa daga ƙasar Hausa, suka tsaya tsintar auduga a Jazira, daga nan zuri'a ta gangaro birni. A gidan allo na tashi, a hannun uba mai tsanani, shi ya sa akwai abubuwa da yawa na duniya da idona bai taɓa gani ba, hancina kuma bai taɓa shaƙa ba. A da ina alfahari da hakan.

Wata rana aka kai mu kafa ƙofa a gidan wani attajiri a Khartum. A cikin lambunsa na ga wani ɗan tafki na siminti, an jera masa duwatsu a baki, tsuntsaye na sauka suna sha suna wanka suna watsa ruwa. Na tsaya da guduma a hannu ina kallo har maigidana ya yi mini tsawa. A ranar na ƙudura sai na yi irinsa. Ga mutane na ce sadaka ce zan yi wa mahaifiyata da ta rasu, ladan shayar da masu rai ya riƙa isa gare ta, kuma wallahi da gaske nake. (Amma akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ke son a riƙa cewa, "Ku je ku ga gidan wane, kamar gidan masu kuɗi.")

Na haƙa ramin a gindin dogon yaron da ke tsakar gida. Da na yi nisa kamar kamu guda sai shebur ya daki wani abu. Tsohuwar tukunya ce baƙa, a fashe, cike da toka. Maƙwabciyarmu Hajja Kaltuma, tsohuwa ce da ta girmi layin gaba ɗaya, tana leƙo ni ta kan katanga. Ta ce, "Ya waladi, ɗana, ka yi sallama kafin ka sa shebur?"

Na ce, "Inna, wa zan yi wa sallama? Ƙasa?"

Ta ce, "Kafin a yi gidajen nan, nan daji ne. Akwai wata tsamiya a daidai wurin nan, ko makiyaya ba sa zama a inuwarta da tsakar rana." Ta sauke kanta ta tafi.

Na yi dariya, na watsar da tukunyar a bola, na ci gaba da aikina. Na shafe ramin da siminti, gefe ɗaya mai zurfi har gwiwa, ɗayan kuma ya taso a hankali. Ruwa a wurinmu saye ake, wajen mai karo, wato amalanken jaki mai ɗauke da tanki, saboda haka ban taɓa tunanin kwashe ruwan in sake sabo ba. Idan ya ragu sai in ƙara jarka ɗaya a kai. Tsuntsaye kuwa suka zo. Gwarare ne suka fara, sai kurciyoyi, sai wasu ƙanana masu jan ciki da ban san sunansu ba. Matata Hawa, wadda ke da juna biyu a lokacin, takan shimfiɗa tabarma da la'asar ta zauna tana kallonsu. Ni kuma in zauna ina kallon kaina a matsayin mutumin kirki.

Mahaifin Hawa, Haj Abakar, ɗan kasuwar dabino ne a Suk al-Arabi. Mutum ne mai farar jallabiya da babban rawani, wanda idan ya fara yabon dabinonsa gara ka nemi wurin zama. Da ya ji cikin 'yarsa ya yi ƙwari, ya aiko mana da ƙaramin buhu guda, an ɗinke bakinsa da jan zare, irin ɗinkin da yake yi wa duk kayansa. Muka ajiye a ɗakin girki. Ranar da muka buɗe, dabinon nan duk ƙwari sun cinye cikinsa. Ko haka ya zo, ko a hannunmu ya lalace, Allah ne masani. Hawa ta ce, "Ka fitar da shi, amma don Allah kada Baba ya ji."

To ina zan kai shi? Idan na jefa a bola awaki za su ja buhun zuwa titi, kuma jan zaren nan kowa ya san shi. Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarun da ke zo wa mutum ya ji kamar ya tafa wa kansa. Na tsaga gefen buhun, na nutsar da shi a wurin mai zurfi, na danne da dutse. Na ce dabinon zai riƙa jiƙa yana tasowa kaɗan kaɗan, tsuntsaye su ci dabino su ci ƙwari, lada kan lada. Hawa na ce mata an gama da shi, ba ta tambayi yadda aka gama ba. Da Haj ya tambaye ni, "Yaya dabinon?" na ce, "Baba Haj, ai har ƙwallayen sai da muka tsotse." Ya shafa gemu ya ce ya sani. Daga nan na manta da buhun nan kwata-kwata, yadda mutum ke manta ƙaryar da ta yi nasara.

Zafi ya kankama, irin wanda ƙarfe ke ƙona hannu tun kafin ka kunna wuta. Wata Juma'a na dawo daga masallaci, na tura ƙofar gida, sai na tsaya. Abin da ya fara tsayar da ni shiru ne. Gidan nan da kullum ke cike da cacar gwarare ya yi tsit, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. Sai na gan su. Tsuntsaye kwance a kewayen tafkin, wasu a gefe, wasu a rigingine ƙafafu a sama. Idanunsu a buɗe. Wata kurciya tana tsaye daf da katanga, bakinta na taɓa bango, kamar wadda aka ce ta tsaya nan kada ta juyo.

Na tafa hannu. Babu wanda ya tashi.

Na ɗauki gwara ɗaya. Jikinta da ɗumi, zuciyarta na bugawa a tafin hannuna, kuma tana kallona. Ban taɓa sanin tsuntsu na iya kallon mutum haka ba, ido cikin ido, babu tsoro, kamar ta san wani abu a kaina. Na ajiye ta a inuwa na shiga ɗaki na taso Hawa daga barcin rana. Ta leƙo ta ce, "Bismillahi, Bismillahi," ta koma ta ja ƙofa. Muka zauna a ɗaki muna zufa. Da aka kira la'asar na fito, babu tsuntsu ko ɗaya. Ko gashi ba su bari ba.

Na ce wa Hawa zafi ne. Na ce wa kaina ma zafi ne. Amma abin ya ci gaba, kuma kullum da tsakar rana. Ranakun da nake wurin aiki Hawa ce ke gani ta taga. Ta ce sukan sauko lafiya, su sha, su tsattsaga wani abu a bakin ruwan, can sai su fara juyi a wuri ɗaya kamar masu zikirin yammacin Juma'a, fuka-fuki a buɗe, sannan su faɗi ɗaya bayan ɗaya. Kyanwar maƙwabta, wadda da ba ta da aiki sai fakon tsuntsayena, ta sauko sau ɗaya, ta sansana bakin tafkin, ta ja da baya a hankali ta haye katanga. Ga nama a zube, amma ba ta sake saukowa ba. Sai dai ta zauna a sama tana kallon ƙasa.

Ruwan ma ya canja. Ya koma launin shayi, da wata farar kumfa da ke taruwa a gefe guda ta watse ta sake taruwa. Wani ƙamshi yana tashi, mai zaƙi, mai ɗan tsami, mai nauyi, wanda ban san irinsa ba. Hawa ta ce ta taɓa ji ana cewa mutanen ɓoye suna da nasu turaren. Tun daga nan ta riƙa turara gidan da bakhur, turaren wuta, safe da yamma, har ba ka iya rarrabe wane ƙamshi ne na wa.

Abin da ya karya mini gwiwa shi ne ranar da na ji ruwan yana magana. Ban je aiki ba ranar, an ɗauke wuta a Mantiƙa. Rana na tsaka na tsuguna a bakin tafkin ina duba wata kurciya da ta faɗi, sai na ji wani sauti can ƙasa, siriri, kamar raɗa. Ƙananan ƙwayoyin iska na tasowa daga wurin mai zurfi, daidai inda na tono tukunyar nan. Na sunkuya na kai kunnena kusa. Sssss. Ya yi shiru. Ya sake. Na daɗe a sunkuye, ƙamshin na shiga kaina, rana na dukan ƙeyata, sai na ji jiri, kuma na rantse a lokacin na ji an ambaci sunana. A hankali, har sau biyu. Na miƙe na yi baya da baya har na shiga ɗaki, ban yarda na juya wa ruwan baya ba.

Wasu tsuntsayen ba su tashi ba. Waɗanda suka faɗi a cikin ruwa suka nutse, na riƙa tsamo su da yamma jiƙe, marasa nauyi kamar tsumma. Nakan binne su a bayan ɗaki. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don da sunan mahaifiyata na kira su, suka zo.

Ƙarshen haƙurin Hawa ya zo ranar da wata kurciya ta shigo mata ɗaki. Tana kwance a kan angareb, gadonmu na igiya, sai ga kurciya ta tako ta ƙofa, tana tafiya a karkace. Ta zo har gaban gadon ta tsaya, ta karkata kai tana kallon cikin Hawa. Sannan ta fita da baya. Da na dawo na tarar ta haɗa kayanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ta ce, "Ba zan haihu a gidan nan ba. Ka kai ni gidan Baba."

Na kai ta a raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Na zauna a gaban Haj Abakar na ba shi labari tun daga tukunya har muryar da ta kira ni. (Na ɗan ƙara gishiri a wajen muryar, na ce har ta ce mini "zo". Ina so ya san 'yarsa jarumi ta aura, wanda aka kira bai je ba.) Haj ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce za a kira Faki Harun, malamin da ya yarda da shi, a yi karatu a gidan, a yanka rago karama, wato sadakar neman tsari, sannan a cike ramin da ƙasa. Idan abin bai bari ba, in nemi wani gida, don 'yarsa ba za ta koma ba.

Kwanakin da suka biyo baya ni kaɗai nake gidan. Ban ƙara ko ɗigon ruwa a tafkin ba, ya ragu ya yi kauri, raɗar kuma ta ƙara ƙarfi. Labari ya cika layi. Yara suka daina buga ƙwallo a jikin katangata. Mai karo ya ce in riƙa fito da jarkokina waje, jakinsa ba ya son ƙofar gidan. Ni kuwa duk wanda ya tare ni sai in ba shi labarin da murya ƙasa ƙasa, kuma kowane bayarwa muryar ruwan na ƙara samun sababbin kalmomi.

Ranar karatun, da hantsi, tsakar gidana ta cika. Faki Harun ya zauna a kan buzu, dattijo siriri mai sanyin magana. Haj Abakar na gefensa, sai dattawan layi, sai mai shagon kwana, sai Siddik direban raksha da wasu abokan aikina. Mata suna bayan labulen da aka ɗaura a rumfa, Hajja Kaltuma a bakinsa don kada komai ya wuce ta. Ragon da Haj ya kawo, fari mai baƙin kai, an ɗaure shi a jikin dogon yaro. Babu wanda ya lura igiyarsa ta kai bakin ruwa. An cika wurin da hayaƙin turare har idanu na hawaye.

Aka fara karatu. Muryoyi suka haɗu, rana na hawa, inuwa na tsukewa. Tsuntsaye sun jeru a kan katanga suna kallonmu, ba su sauko ba, ba su tafi ba. An yi nisa sosai sai na ji muryar mai shago ta yanke. Sai ta na kusa da shi. Na ɗago.

Ragon nan ya zauna. Ba kwanciyar rago ba, zaman kare, a kan gindinsa, ƙafafun gaba a miƙe. Bakinsa jiƙe da kumfa. Ya zuba wa Faki Harun ido. Sannan ya buɗe baki ya yi wani kuka mai kauri, dogo, wanda ban taɓa jin dabba ta yi ba, ya ƙare shi da wani abu kamar shaƙuwa. Ya miƙe, ya taka gefe, ƙafafunsa suka harɗe, ya fara zagaya bishiyar har igiya ta naɗe shi, yana tafe yana waiwayen malam.

Wani ya yi salati da ƙarfi. A bayan labule wata ta ƙwalla ihu. Biyu daga cikin abokan aikina, ƙarti masu ɗaga ƙofar ƙarfe da hannu ɗaya, na ga ƙeyarsu a bakin ƙofa. Faki Harun bai daina karatu ba, sai dai ya ja buzunsa baya kaɗan. Kuma a cikin wannan hargitsi ruwan na ci gaba da raɗarsa, kowa na ji.

Ban san abin da ya shige ni ba. Tsoro ne ya kai ƙarshe ya juye, ko kuwa ganin idon surukina a kaina. Na tuna Hawa, na tuna tsuntsayen da na binne. Na fizgi wani guntun rodi da ke jingine, na tattare jallabiyata sabuwa fil, na faɗa cikin tafkin. Na tsaya a tsakiya na ɗaga rodi sama, na yi wa aljanu jawabi. Da Hausa da Larabci na yi, don ban san wanne suke ji ba. "Amrugu barra! Ku fita! Gidana ne! Da gumina na gina shi! Me tsuntsaye suka yi muku? Me matata ta yi muku? Idan kun isa ku fito mu ga juna ido da ido!" Har yanzu akwai masu iya maimaita jawabin nan kalma da kalma, har da inda muryata ta sirance.

Sannan na caka rodin a daidai inda iskar ke tasowa. Ya shige cikin wani abu mai laushi. Ruwan ya yi wata irin ajiyar zuciya, kumfa ta taso har cinyata. Mutane suka ja da baya. Na ce Bismillahi, na tura hannu, na ture wani dutse, na kamo abin, na ɗago shi sama da dukan ƙarfina don kowa ya gani.

Buhu ne.

Yana ɗigar wani baƙin kunu, ƙwallayen dabino na zubowa ta gefensa suna faɗawa ruwa ɗaya ɗaya. Sai warin ya tashi gaba ɗaya, ya ture turaren malam, ya cika gidan.

Shirun da ya biyo baya daban yake da na Juma'ar nan ta farko. Na ga hancin mutane na motsi. Na ga mai shago ya kalli Siddik, Siddik ya haɗiye yawu ya ɗaga kai yana nazarin sararin sama. Wani dattijo ya buɗe baki ya rufe. Daga baya na gane abin da ke faruwa: rabin mazajen nan sun san warin sarai, amma duk wanda ya fara faɗa, sai an tambaye shi a ina ya sani, kuma ga malam zaune.

Hajja Kaltuma ce ba ta da wannan damuwar. Ta yaye labule ta ce, "Wai duk hancinku toshewa ya yi? Wannan ai giya ce! Giyar dabino! Muna yara a Jazira akwai wata mata a bayan gidanmu, haka gidanta yake wari." Ta nuna ni da sandarta. "Ya waladi, ashe indaya ka buɗe wa tsuntsaye?" Indaya, ga wanda bai sani ba, gidan sayar da giya ne.

Siddik ne ya fara fashewa. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, bai yiwu ba. Daga nan gidan ya ɗauka. Ni kuwa ina tsaye a ruwa, buhu a sama, na kasa sauke hannuna, don sai a lokacin komai ya dawo mini: ƙwarin, tsagar, dutsen, da yadda na tafa wa kaina.

Haj Abakar bai yi dariya ba. Ya tashi a hankali, ya zo bakin tafkin, ya sunkuya ya duba bakin buhun. Ya kama jan zaren da yatsu biyu.

Ya ce, "Wannan ɗinkina ne."

Na ce, "Na'am, Baba Haj."

Ya ce, "Ka ce mini har ƙwallayen kun tsotse."

Ƙwallo ɗaya ya zaɓi wannan lokacin ya faɗo ruwa, ɗis. Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Baba Haj, ƙwari ne suka…" sai na ga fuskarsa, na gane ina shirin sanar da unguwa guda cewa dabinonsa na ƙwari. Na haɗiye sauran. Amma an riga an ji.

Faki Harun, Allah ya saka masa, ya so ya taimake ni. Cikin sanyin muryarsa ya ce, "To ɗana, ita muryar da ta kira sunanka, har ta ce maka zo?" Ina jin so yake ya ga ko akwai sauran aikin da ya shafe shi. Na ce, "Malam, ina ganin iska ce." Ya gyaɗa kai ya ce, "Iska ce kam," ya naɗe buzunsa.

Sai aka shiga muhawarar rago. Mai shago ya ce ba zai ci naman mashayi ba. Wani ya ce ai ba da saninsa ya sha ba. Malam ya yanke hukunci a bar shi sai ya wartsake, a ba shi ruwa mai kyau da ciyawa na wasu kwanaki, sannan a yanka, tunda dai an yi niyyar sadaka. Ragon a lokacin ya riga ya yi barci da kansa a kan takalmin wani baƙo. Ni kuma aka umarce ni in fito in yi wanka kafin in kusanci masallaci.

Da yamma na je gidan Haj. Labari ya riga ni. Hawa na zaune a rumfa, ta gan ni, ta sa mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Wato kurciyar nan da ta shigo mini ɗaki…" Na ce, "Ƙofa ta ɓace mata." Ta yi dariya har mahaifiyarta ta fito tana faɗa kada a jawo haihuwa kafin lokaci. Can ta share hawaye ta ce, "Waɗanda suka nutse fa?" Na ce suna bayan ɗaki. A daren ba ta biyo ni ba, amma da na kwashe tafkin na wanke, ta dawo da kanta, kuma a gidan ta haifi 'yarmu.

Ban cike ramin ba. Na kwashe ruwan da bokiti, na goge simintin da burushin ƙarfe, na cika wurin mai zurfin da tsakuwa har ya zama ko gwara ta tsaya ƙafarta na taɓa ƙasa. Wani likitan dabbobi da na yi wa tagogi ya ce mini tsuntsu ba ya bukatar komai a ruwansa, ko sukari, ko gishiri, ko sabulu, sai dai a riƙa sake shi kafin ya yi kore, a wanke kashin tsuntsayen, a bar shi a inuwa. Yanzu ruwa kaɗan nake zubawa, kowace safiya in share tsohon zuwa gindin bishiya in zuba sabo. Sun dawo, suna sha, suna tashi a miƙe. Sai dai akwai wata kurciya da ta daɗe tana zuwa ta tsaya a tsohon wurin, ta ɗanɗana ruwan, ta ɗago ta dube ni kamar na ci amanarta.

Haj Abakar ya ɗauki lokaci kafin ya sake yi mini magana mai tsawo. Yanzu mun shirya. Idan na je gaishe shi yakan sa a kawo mini dabino a faranti, mai kyau, ya tura gabana ya ce, "A nan za ka ci. Ba a fita da shi." Kuma yana zaune yana kallo har in gama, ya ga ƙwallayen da idonsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan abu ya rikice a gidanka, kafin ka tara jama'a ka ɗaga wa aljanu murya, ka zauna tukuna ka tuno duk dabarar da ka yi kwanan nan wadda ta burge ka. Idan kuma surukinka ya ba ka dabino mai ƙwari, ka rufe ido ka cinye. Ƙwarin sun fi sauƙin haɗiya.